Awarwaron shiga da biyan kuɗi a wuraren shaƙatawa: tambayoyi da amsoshi

A bakin ƙofar Walt Disney World, babban wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, ba kowa ne ke laluben aljihunsa neman tikiti ba. Mutum zai miƙa hannu ne kawai, ya kara wani awarwaron roba a jikin na'ura, fitila ta yi kore, ya wuce. Da awarwaron nan yake buɗe ɗakinsa na otal, da shi yake sayen abinci. Sunansa MagicBand, kuma a 2013 aka fara amfani da shi. Mafi yawan amsoshin da ke ƙasa a kansa suke, don shi ya fi shahara, amma an taɓo na wasu wuraren inda tsarinsu ya sha bamban.

Wane irin abu ne wannan awarwaron?

Roba ce mai laushi da ake ɗaurawa kamar agogo. A tsakiyarta akwai 'yar ƙaramar na'ura da eriya, dangin wadda ke cikin katin banki na zamani da ake karawa a jikin POS ba sai an zura shi ba. Fasahar ana kiranta RFID, wato gane abu ta hanyar siginar rediyo. Girmansa ɗaya ne, amma an yi shi yadda za a iya ɓare gefen waje ya koma daidai hannun yaro.

Kuɗina da sunana suna cikinsa ke nan?

A'a, kuma duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin zancen. Abin da ke cikin na'urar lamba ce kawai. Ka tuna da mai ajiyar babura a bakin kasuwa: zai ba ka ɗan katako ko kwali mai lamba, babur ɗinka kuwa yana can wurinsa. Haka awarwaron yake. Tikitinka, lambar ɗakinka, katin bankin da ka bayar a otal, hotunan da aka ɗauke ka, duk suna can cikin kwamfutocin kamfanin. Idan ka kara hannu, na'urar ƙofa ta karanta lambar, ta tambayi rumbun bayanai ko mai wannan lamba yana da izinin shiga yau, amsa ta dawo kafin ƙiftawar ido.

Shi ya sa sayen awarwaro ba sayen tikiti ba ne. Wanda ya saya bai haɗa shi da tikiti a manhajar My Disney Experience ba, ado kawai ya ɗaura.

Yana buƙatar caji?

Ya danganta da wanne ne, da kuma aikin da ake magana a kai. Na'urori iri biyu ne a ciki. Ta farko ita ce ta karawa, wadda ake shiga da biya da ita. Wannan ba ta da ruwa da batir, daga jikin na'urar da aka kara ta take samun ɗan ƙarfin da za ta faɗi lambarta. Ta biyu ita ce mai aika sigina nesa, wadda wasu na'urori da aka kakkafa cikin dandalin ke jiyowa ko ba ka kara hannu ba. Ita ce mai cin batir. A tsofaffin awarwaron batirin ba a canza shi ba a kuma yi masa caji, yakan kai kimanin shekara biyu ya mutu. Bayan ya mutu ƙofa za ta ci gaba da buɗe maka, sai dai ayyukan nesa su tsaya.

Yaya ake shiga da shi? Na ji ana ɗaukar zanen yatsa.

Gaskiya ne, a Florida. Za ka kara awarwaron a jikin wata alama mai siffar kan Mickey Mouse, sannan ka ɗora yatsa ɗaya a kan gilashin da ke gefe. Kore na nufin wuce. Shuɗi na nufin tsaya, ma'aikaci zai zo ya duba, kuma sau da yawa ba wata matsala ba ce illa mutum ya manta yatsan da ya sa ranar farko. To ka riƙe wanda ka fara da shi.

Dalilin yatsan shi ne hana mutum biyu cin tikiti ɗaya. Kamfanin ya ce ba ya ajiye hoton zanen, yana mayar da shi lissafi ne ya watsar da hoton. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya zuwa ofishin kula da baƙi ya nemi a riƙa tantance shi da katin shaida mai hoto. Yara ƙanana kuma uba ko uwa na iya sa nasu yatsan a madadinsu. 'Yan ƙasa da shekara 3 ba sa buƙatar tikiti ma.

Kowa zai iya biyan kuɗi da shi?

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. A Walt Disney World, sai wanda ya sauka a otal ɗin Disney kuma ya ba da katin banki a kan ɗakinsa ne zai iya biya da hannu. Wanda ya kama ɗaki a wani otal cikin gari, awarwaronsa zai shigar da shi dandali, amma ba zai saya masa ko ruwan gora ba.

Ga mai ɗaki, abin kamar littafin bashin mai shagon unguwa ne. Ka ɗauki kaya, ka kara hannu, ka danna lambar sirri mai lamba huɗu, a rubuta a kan ɗakinka. Daga baya a cire jimillar daga katinka. Maigida yana da ikon zaɓar wanda za a buɗe wa wannan dama a cikin iyalinsa, kuma duk mai yaro ɗan shekara goma da ya ga shagon kayan wasa ya san amfanin wannan iko. Kada ka ba yaro lambar sirrinka don kawai ka gaji da tashi.

A Disneyland ta Kalifoniya kuwa, inda awarwaron ya isa a watan Oktoban 2022, an kawo shi ne don shiga da wasanni da hotuna, ba a haɗa shi da biyan kuɗi ba. Disneyland ta Paris da ta Tokyo ba sa amfani da shi sam. Kada ka saya a Florida da zaton zai yi maka aiki a Faransa.

Katin bankina na Najeriya ko Nijar zai yi?

Awarwaron bai san ƙasar katinka ba, otal ne zai gwada cirar kuɗi daga gare shi. Abin dubawa biyu ne. Bankuna sukan sa iyaka a kan abin da katin kuɗin gida zai kashe a waje, iyakar kuma tana canzawa, saboda haka ka tambayi bankinka kafin ka tashi. Na biyu, otal yakan riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina, kuma idan katin cirar kuɗi ne kai tsaye daga asusu, wannan adadin ba za ka iya taɓa shi ba har sai an sake shi. Idan katin ya ƙi, za a rufe damar biya da hannu har ka je teburin karɓar baƙi ka gyara. Ana iya zuwa teburin a rage bashin da tsabar dala. Ko ma mene ne, kada ka fita daga ɗaki ba kati ko ɗan kuɗi a jikinka, don na'ura ba ta rantse ba za ta tsaya ba.

Me ya sa kamfani zai kashe maƙudan kuɗi a kan abin hannu?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafafen labarai sun ruwaito cewa tsarin da awarwaron ke cikinsa, mai suna MyMagic+, ya ci kimanin dala biliyan 1. Ba roba ce ta ci kuɗin ba. An canza makullan dubban ɗakunan otal, an cire ƙarafan juyawa na bakin ƙofa, an shimfiɗa intanet a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, wanda ya ƙunshi manyan dandali huɗu: Magic Kingdom, Epcot, Hollywood Studios da Animal Kingdom.

Riba ta farko ita ce layi. Mutumin da ke tsaye a layi ba ya sayen komai, kuma ransa a ɓace yake. Duk daƙiƙar da aka rage a ƙofa ko wurin biya, idan aka ninka ta da dubban mutanen da ke shiga kullum, ta zama sa'o'i.

Ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa a talla ba. Ƙirga takardar kuɗi a miƙa wa wani yana da ciwo, ciwon nan kuma shi ke taka wa mutum birki. A 2001 wasu malaman jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa sakamakon wani gwaji: an yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando na ƙungiyar Boston Celtics, sai waɗanda aka ce za su biya da katin bashi suka taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsaba suka taya. To kati ma ke nan, wanda sai ka ciro shi daga walat ka gan shi da idonka. Ina ga abin da ke ɗaure a hannunka, mai launin kayan wasa, kana cikin zafin Florida yara na jan rigarka? A ganina wannan ita ce babbar illar awarwaron ga talaka da mai kuɗi baki ɗaya, ba satar bayanai ba. Maganinta ba wuya: manhajar tana nuna abin da aka rubuta a kan ɗakinka, ka duba kowane dare kafin ka kwanta, kada ka bari sai ranar tafiya.

Riba ta uku ita ce sanin inda jama'a suka taru da abin da suke so, wanda ya kawo mu tambaya ta gaba.

Ana bin sawuna da shi ke nan?

Cikin dandalin, eh, gwargwado. Babu GPS a jikinsa, saboda haka da ka fita daga harabar kamfanin ba wanda ke jin siginarsa. Amma a ciki, na'urorin da ke jiyo shi daga nesa sun san lokacin da ka wuce ta wurinsu. Da haka ne hoton da kyamara ta ɗauke ka kana ihu a kan lilo yake bayyana a wayarka ba tare da ka nema ba. A gidan abinci na Be Our Guest da ke Magic Kingdom an yi zamanin da mutum zai yi oda ya zauna a duk teburin da ya ga dama, sai ga ma'aikaci ya turo abincin har gabansa, don siginar ta nuna inda yake zaune. Wani wannan zai burge shi, wani kuma tsigar jikinsa ce za ta tashi. Duka biyun suna da hujja.

Tun ranar gini aka yi zane a kan wannan batu. A watan Janairun 2013, kafin awarwaron ya bazu, Edward Markey, wanda a lokacin ɗan majalisar wakilan Amurka ne daga jihar Massachusetts, ya rubuta wa shugaban Disney Bob Iger wasiƙa yana tambayar me za a yi da bayanan yara. Iger ya mayar da martani mai zafi, ya ce ɗaura awarwaron ba tilas ba ne, kuma ba za a yi amfani da bayanan ƙananan yara wajen aika musu talla ba.

Wanda ba ya so a jiyo shi daga nesa sai ya karɓi katin roba a maimakonsa. Katin na shiga ƙofa, yana buɗe ɗaki, amma sai an kara shi ake karanta shi. Sai dai a faɗi gaskiya: wanda ke yawo da waya a aljihu, manhajar kamfanin a buɗe, ya kuma ba ta izinin sanin inda yake, cire awarwaro bai ɓoye shi ba.

Idan yarona ya ɓace cikin taro, zan gano shi da awarwaron?

Kada ka dogara da shi. Manhajar ba ta nuna wa iyaye inda yaro yake. Dabarun da aka sani tun da can su ne masu aiki: ka ɗauki hotonsa da safe da kayan da ke jikinsa, ka rubuta lambar wayarka ka sa masa a aljihu, ka nuna masa irin bajon suna da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji, ka ce idan bai gan ka ba ya je wurin mai irinsa. Yaran da aka tsinta akan kai su wurin kula da jarirai da ke kowane dandali.

Dole ne in saya? Ba kyauta ake bayarwa ba?

Da can kyauta ne ga masu sauka a otal ɗin Disney, har gida ake aika wa mazauna Amurka a cikin kwali, kowa da sunansa da launin da ya zaɓa. Daga 1 ga Janairun 2021 aka daina. Yanzu saya ake yi, kuma ba dole ba ne. Katin roba kyauta ne. Akwai kuma MagicMobile, wanda aka fito da shi a 2021, da ke mayar da wayarka ko agogon Apple tikitin shiga.

Mene ne MagicBand+ kuma?

Sabon samfuri ne da ya fito ranar 27 ga Yulin 2022, farashinsa ya fara daga dala 34.99. Yana yin duk abin da tsohon ke yi, an ƙara masa fitilu masu canza launi da ɗan girgiza a hannu. Lokacin wasan wuta na dare yakan haska daidai da kiɗa, wasu mutum-mutumin da ke dandalin kuma sukan yi magana idan ka ɗaga musu hannu. Shi ana yi masa caji, cajin yakan kai kwana ɗaya zuwa uku. Ko ya mutu, shiga da biya ba sa tsayawa.

Ka yi lissafi kafin yara su gan shi. Iyali mai mutum shida, a wancan farashin na 2022, dala 210 ke nan a kan abin da katin kyauta zai yi kusan duk muhimmin aikinsa.

Ya faɗi, ko an sace. Yaya zan yi?

Ka shiga manhaja ka kashe shi, ko ka gaya wa ma'aikatan teburin baƙi su kashe. Daga nan ya zama roba. Wanda ya tsinta ba zai yi sayayya ba sai da lambar sirri, ba zai shiga dandali ba sai da yatsanka. Ƙofar ɗaki ce ba ta tambayar komai, sai dai ba a rubuta lambar ɗaki a jikinsa, amma duk da haka kada ka yi jinkiri. Tikitinka bai tafi da shi ba, za a ba ka kati ka ci gaba da harkarka. Na yara ne ya fi yawan suɓucewa, don maɓallinsa 'yan ƙusoshin roba ne da ake dannawa cikin huda.

Zan iya ara wa ƙanena idan na dawo?

A'a. Da zarar an haɗa shi da sunan mutum, nasa ne har abada. Kai dai kana iya komawa da shi wata shekara.

Ruwa fa? Da alwala?

Ruwa ba ya ɓata shi, da shi ake iyo. Wajen alwala kuwa kamar agogo ne: ka sassauta shi ko ka zame shi sama don ruwa ya game hannu, ko ka cire gaba ɗaya, sakan biyu ne. Sai dai wurin cirewar ne ake mantawa da shi a bakin famfo. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya tambayi likitansa kafin ya ɗaura, tun da abu ne mai aika sigina.

Disney kaɗai ke da irin wannan?

Ko kusa, ba ma su suka fara ba. Otal-otal na Great Wolf Lodge, masu wurin wasan ruwa a cikin gini a Amurka da Kanada, sun riga su ba baƙi awarwaron buɗe ɗaki da sayayya. Gidajen wanka na Japan da Koriya ta Kudu sun daɗe da wannan dabara: makullin akwatin da ka ajiye tufafinka shi ne a hannunka, duk abin da ka ci ko ka sha a rubuta a lambarsa, ka biya a bakin fita. A wurin ruwa ne ma abin ya fi ma'ana, don mai gajeren wandon iyo ba shi da inda zai sa walat.

Kamfanin Universal ya buɗe dandalin ruwa na Volcano Bay a Orlando a 2017 da wani mai suna TapuTapu, wanda a da ake ba ka aro a ƙofa ka mayar in za ka fita, yana riƙe maka layi ya girgiza idan lokacinka ya yi, amma a 2025 aka daina amfani da shi. Power-Up Band na Super Nintendo World, wani ɓangare na dandalin Universal da ya fara a Japan a 2021, shi na wasa ne kawai, ba ya shigar da kai ba ya biya maka. A teku ma akwai: John Padgett, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MagicBand, ya koma kamfanin jiragen ruwa na Carnival, inda a 2017 aka ƙaddamar da OceanMedallion, wani ɗan faifai kamar kwabo da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu.

Wasu wuraren sai an zuba kuɗi a awarwaron tukuna. Wannan fa?

Wannan shi ne tsari na biyu, kuma ya fi buƙatar buɗe ido. A tsarin Disney ka ci ne sannan ka biya. A wannan kuwa ka biya ne tun ba ka ci ba, kamar sa kati a waya. Bukukuwan kiɗa da wuraren wasan ruwa da yawa haka suke yi. Kafin ka zuba, ka tambayi abu uku: ana mayar da ragowa? Akwai ladan da ake cirewa wajen mayarwa? Zuwa yaushe ne wa'adin nema? 'Yan canjin da mutane ke bari don ƙyuyar bin layi, idan aka tara, kuɗi ne mai kauri, kuma aljihun mai wurin suke faɗawa. Zuba kaɗan-kaɗan ya fi.

Tsarin yakan kuma ci amanar mutane. A bikin kiɗa na Download na 2015 a Ingila an hana karɓar tsabar kuɗi gaba ɗaya, sai na'urori suka ba da matsala a farkon bikin, mutane suka yi ta dogon layi, wasu ba halin sayen abinci. Shekarar da ta biyo aka dawo da karɓar kuɗi. Mafi muni shi ne Fyre Festival na 2017 a tsibiran Bahamas, inda aka yi ta matsa wa masu tikiti su zuba kuɗi a awarwaro kafin su iso. Suka iso suka tarar ba biki ba masauki na kirki, wanda ya shirya abin, Billy McFarland, ya ƙare da hukuncin ɗaurin shekara 6 saboda zamba.

Shi ne irin wanda aka taɓa cewa za a ɗaura wa alhazai?

Dangi ne, amma manufa daban. Bayan turmutsutsun Mina na 2015, hukumomin Saudiyya sun sanar a 2016 cewa za a raba wa mahajjata awarwaron lantarki mai ɗauke da bayanan mutum da na lafiyarsa, don a gane shi idan ya ɓace ko ya faɗi. Wancan na ceton rai ne da sanin wane ne wane. Na wurin shaƙatawa na buɗe ƙofa ne da buɗe aljihu.

To, in saya ko in bari?

Idan a otal ɗin Disney za ka sauka na kwana huɗu ko biyar, da yara, ga goyo ga jaka ga keken jariri, ka saya. Buɗe ɗaki da hannu ɗaya alhali ɗayan na riƙe da yaro mai barci ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma yaran da ba su da waya kowa zai shiga da nasa ba sai ka tsaya kana karawa ɗaya bayan ɗaya ba. Idan kuwa yini ɗaya za ka yi, daga gidan ɗan'uwa ko otal na cikin gari, karɓi katin kyauta. Dala 35 ɗin za ta fi maka amfani a abincin rana, wanda a can ba shi da araha.